Alhaji ya ce in sallami Baba, ni kuma bakina ya kasa faɗa masa

Baban Ummi, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema a kan wani abu da ya hana ni barci kwana biyun nan. Ni ke kula da wata mangaza ta siminti da rodi da kwanon rufi a nan Garwa, ba tawa ba ce, riƙe wa maigida nake yi. Cikin masu sauke mana kaya akwai wani dattijo, Baba muke ce masa mu duka, tun kafin a ɗauke ni yake wurin, shi da bakinsa ya ce min shekararsa 24 a ƙofar mangazar nan, yanzu ya ba 60 baya. Da can buhun siminti mai kilo 50 kamar matashin kai yake ɗaukarsa, to yanzu gwiwa ta fara kama shi. Ranar Talata tirela ta iso mana da rana tsaka, kun dai san zafin Garwa a watan nan, ya yi sahu goma sha wani abu sai na ga ya tsaya cak a kan katakon da ake saukowa, ƙafarsa na rawa, ya jingina da jikin mota ya sulale a hankali har ƙasa, buhun na kan cinyarsa bai sake shi ba. Muka kai shi inuwa muka zuba masa ruwa a ka. Da ya dawo hayyacinsa wallahi abin da ya fara ce min shi ne kar ka gaya wa Alhaji. Ban gaya masa ba amma labari ya kai, jiya Alhaji ya kira ni ya ce in ba shi sefa dubu 50 da buhun shinkafa in ce ya je gida ya huta, wai kada ya mutu mana a wurin aiki. Mutumin nan yana da ƴaƴa biyu a makaranta da jikoki uku marayu a hannunsa. Yau sau biyu ina kiransa gefe sai in ɓige da tambayarsa ya jiki. Shin ba wata hanya da za a gyara aikin ya zauna? Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka min da abin da zan je wa Alhaji da shi.

Maman Hafsat, Marwa:
Wa alaikumus salam. Kai, Allah sarki Baba. Dubu 50 bayan shekara 24?? Ko wata biyu ba za ta kai shi ba. Kar ka faɗa masa tukuna ɗan'uwa, ka nemi Alhaji ya ba ka ko da sati ɗaya.

Ɗan Kasuwar Kuseri:
Gaskiya ɗaya ce, ni ban ga laifin Alhaji ba. In dattijon ya faɗi ya karye ko ya cika a wurin, ku ɗin nan ne za ku ce an kashe tsoho da aiki. Dako ba aikin ɗan shekara 60 ba ne, a ƙara masa kuɗin dai ya kama ƴar sana'a a ƙofar gida, ko goro ko omo da gishiri.

Baban Ummi, Garwa:
Na yarda dako ya fi ƙarfinsa yanzu, ba na musu a nan. Amma mangaza ai ba ɗaukar buhu kaɗai ake yi a cikinta ba, abin da nake ta juyawa a raina ke nan.

Tsohon Magaziniye, Gaundare:
Baban Ummi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na yi shekaru ina riƙe ma'ajin kaya kusa da tashar jirgin ƙasa a nan Gaundare, bari in tambaye ka tsakani da Allah. In mota ta zo, wa yake fara sa hannu a buhu ya ce wannan ya sha raɓa, a ware shi? Wa ya san direban da in ya ce 600 ne sai an ƙirga sau biyu? Wa yake hana yara jera siminti a ƙasa ba katako, ko su manna shi da bango, ko su ɗora ya wuce goma a tsaye har na ƙasa ya dunƙule ya zama dutse? Wa yake tuna cewa tsohon kaya ake fara fitarwa kafin sabo? Ina da yaƙinin Baban nan ne, kuma duk shekarun nan kyauta yake yi muku wannan, don ku a kan buhu kuke biya, abin da ke kansa ba ku taɓa sa masa farashi ba. To ka je wa Alhaji da lissafi, kar ka je masa da tausayi, ɗan kasuwa lissafi yake ji. Ka duba littafinka ka fitar da buhu nawa suka lalace ko suka ɓace a damina biyu da suka wuce, ka ce masa a ba Baba ƙofa, shi ne mai ƙirga da duba kaya da tsara jeri, a yanka masa albashin wata. In buhu biyar kawai ya tsare muku a wata ai ya kusa biyan kansa.

Baban Ummi, Garwa:
Wallahi Yaya kamar kana wurin. Shi ne. Bara ma shi ya gano wata mota da aka cusa mata buhunan da aka farke aka rage aka sake ɗinkewa, da hannu kawai ya ɗaga ɗaya ya ce wannan bai cika ba. Matsalar ita ce bai yi boko ba, ban san ya zai riƙe littafi ba.

Tsohon Magaziniye, Gaundare:
Bai yi allo ba? In ya yi ai ya iya ajami da lambobin Larabci. Ka ba shi littafinsa ya rubuta yadda ya iya, da yamma kai ka kwafe a naka. Ni wanda na yi aiki da shi da tsakuwa yake ƙirga, duk buhu goma ya jefa ɗaya a gwangwani, ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Inna Mai Jinya, Gidar:
Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana don aikina ke nan. Kafin komai a kai shi a auna jininsa da suga, don wanda ya sulale haka ba lallai gajiya ce kawai ba, hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Sannan mutane ba su gane cewa zafi ba ɗaya yake taɓa yaro da tsoho ba. In shekaru suka ja jiki ba ya fitar da gumi kamar da, kuma ƙishirwa ba ta zuwa da wuri, sai jiki ya bushe mutum bai ji yana son ruwa ba, wanda yake shan maganin hawan jini mai sa fitsari kuwa abin ya fi yi masa sauri. Ku tuna zafin Afrilun 2024 da ya faɗo cikin azumi, a garin Kayes na Mali sai da ya kai 48.5, kuma tsofaffi ne suka fi jin jiki. Mu nan ma Maris da Afrilu sama da 40 muke kwana muke tashi. To me zai hana sauke mota ya koma bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar? Direba in ya iso da azahar ya jira, ba abin da zai same shi. A aje randa ko jarka a inuwa kusa da inda ake aikin, ba can bayan gini ba inda mutum zai ji kunyar zuwa kada a ce yana gudun aiki. Wannan ba Baba kaɗai zai amfana ba, yaran ma gobe su ne Baban, bayan da suke lanƙwasawa yau shi za su zo mana da shi asibiti nan da shekara ashirin.

Matashi Mai Neman Aiki:
Ku yi haƙuri iyayena amma ni wannan maganar tana min ciwo. Shekara huɗu ke nan da na gama jami'ar Marwa, kilando nake yi, wato acaɓa, da mashin ɗin wani, kullum in kai masa balas. Duk ofishin da ka shiga tsofaffi ne a zaune sun ƙi tashi, a ƙarshen 2020 ma aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati shekarun ritaya, masu rukunin A da B suka koma 60, C da D 55, mu da muke layi aka ƙara mana jira. Yanzu kuma ana cewa a gyara wurin aiki don tsoho ya ƙara daɗewa. To mu yaushe? Aikin ƙirga kayan nan da kuke cewa a ba Baba, wallahi akwai mai digiri da zai karɓa da gudu.

Maman Hafsat, Marwa:
Ɗana na ji zafinka, nima ina da biyu a gida irinka. Amma ka duba wanda ake magana a kai, ba darakta ba ne mai mota da gidan gwamnati, ɗan dako ne. In aka kore shi jikokin nan uku wa zai ciyar? Ƴaƴansa biyu da ke makaranta fita za su yi su zo su same ka a layin kilando.

Matashi Mai Neman Aiki:
Na gane Mama, ba Baban nake nufi ba shi kaɗai. Tsarin ne gaba ɗaya yake ƙona min rai.

Malam Mai Ritaya, Yagwa:
Yaro ka yi magana kuma ba a raina maganarka ba, bari tsoho ya amsa maka da bakinsa tunda mu ake tattaunawa. Na koyar da lissafi shekara talatin da wani abu, na yi ritaya, na zauna gida wata takwas ina jiran takarduna su fito, a watannin nan na san abin da ake kira zaman banza, gari ya waye ba inda za ka, matarka tana kallonka kana kallonta, wanda da yake gaishe ka da rusunawa yanzu daga kan mashin zai ɗaga maka hannu. Sai wata makaranta mai zaman kanta ta kira ni. Shekarar farko na sha wuya, ajina yana bene, in na hau sai na tsaya a tsakiya na huta ina riƙe da ƙarfe yara suna wuce ni, ga awa ashirin da wani abu a sati, ga sakamako wai sai a kwamfuta. Na rubuta takardar barin aiki. Shugabar makarantar, Allah ya saka mata, ta ce Malam me zai sa ka zauna? Na ce abu uku. Aka sauko da ajina ƙasa, aka mayar da darasina na safe duka aka rage awannin, aka sa min kujera mai tsayi a gaban allo don ba na iya tsayuwar awa biyu. Sauran awannin da aka cire min kuwa, ka ji nan yaro, wani saurayi aka ɗauka sabon gamawa, shi yake shigar min da maki a kwamfuta yana koya min, ni kuma ina zama bayan ajinsa sau ɗaya a sati in mun fito in ce masa ka yi sauri a nan, yaran layin baya ba su gane ba. Yau shi ne babban malamin lissafi a wurin. Da na tafi gaba ɗaya da an ɗauke shi, haka ne, amma da an jefa shi aji mai yara tamanin ba mai nuna masa komai. Ba kowane tsoho ne yake tare wa yaro hanya ba, wani riƙe masa fitila yake yi.

Matashi Mai Neman Aiki:
Allah ya ƙara girma Baba Malam. In irin wannan ne, a rage wa babba a ɗauki yaro a gefensa, ba ni da ja. Abin da na saba gani shi ne babba ya riƙe duka ya ƙi koya wa kowa don kada a gaje shi.

Malam Mai Ritaya, Yagwa:
Akwai su, ban musa ba. Amma ka lura, wanda ya san ranar da yaro ya iya aikin za a ba shi buhun shinkafa a ce ya tafi, dole ya ɓoye abin da ya sani. Tsoro ne. A cire masa tsoron ka ga yadda zai buɗe baki.

Akanta, Garwa:
Baban Ummi tambaya ɗaya, Baban nan an taɓa yi masa rajista a CNPS, wato hukumar da ke biyan ma'aikata fansho?

Baban Ummi, Garwa:
A'a. Masu dako ba a ɗauke su ma'aikata ba a wurinmu, a kan buhu ake biyansu su raba a tsakaninsu. Ni da mai gadi ne kawai muke da lamba.

Akanta, Garwa:
Na zata. To bari in yi bayani don masu karatu, da yawa ba su san ƙa'idar ba sai ranar da ta zo kansu. Fanshon tsufa na CNPS a nan Kamaru sai mutum ya kai shekara 60, ya yi aƙalla shekara 20 da rajista, an zuba masa kuɗi na wata 180 wato shekara 15, kuma wata 60 daga ciki su faɗo cikin shekara goma na ƙarshe, sannan ya daina aikin albashi. Abin da ake zubawa na fansho kashi 8.4 ne na albashi, rabi daga ma'aikaci rabi daga maigida, 4.2 kowanne. In an cika sharuɗɗa ana ba ka kashi 30 na matsakaicin albashinka na shekarun ƙarshe, duk shekarar da ta ƙaru a kan sha biyar ɗin a ƙara kashi 1. Misali mai albashin dubu 80 da aka zuba wa na shekara 20, kashi 35 ke nan, dubu 28 a wata. Ba yawa, amma har ƙarshen rai ne. Wanda bai cika wata 180 ba amma ya yi aƙalla 12, dunƙule ɗaya ake ba shi. Akwai kuma tanadin mai shekara 50 da aiki ya cinye jikinsa kafin lokaci, in likita ya tabbatar yana iya fita da wuri, wanda da an yi wa Baba rajista tun farko da yanzu ba wannan hirar muke ba, da shi zai zaɓa ko ya zauna ko ya huta. Abin da nake so ku gane shi ne a wurinmu tsoho ba don sha'awa yake ɗaukar buhu ba. A Faransa da aka ce a 2023 za a ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 ƙasar ta cika da zanga-zanga don su suna da abin da za su koma su ci, mu mafi yawan masu aikinmu ba takarda ba lamba, ritayarsu ita ce ranar da jiki ya ƙi. Tun 2014 an buɗe rajistar sa kai, mai sana'ar kansa yana iya zuba wa kansa, ga Baba lokaci ya ƙure amma yaran da ke sauke muku kaya masu shekara 25 da 30 su lokacinsu ne yanzu.

Ɗan Kasuwar Kuseri:
Akanta ka faɗi gaskiya amma ka san ribar buhun siminti nawa ce? In aka ce kowane ɗan dako sai an yi masa takarda an biya masa wata wata, rabin mangazun garin nan rufewa za su yi. Ni ma ina da shago, ba daga littafi nake magana ba.

Akanta, Garwa:
Alhaji ban ce kowane mai wucewa ya ɗauki buhu biyu ba. Mutumin da ya yi shekara 24 a ƙofa ɗaya, kullum da safe yana nan, umarnin mutum ɗaya yake bi, wannan ko a gaban sufeton aiki aka je ba za a kira shi ɗan wucewa ba. Ba ina zuga a kai ƙara ba ne, ina cewa dai dubu 50 ba kyauta ba ce Alhajin mangazar yake yi, ko kusa da haƙƙin ma ba ta kai ba.

Hajiya Tela, Njamena:
Ni nawa ƙaramin misali ne daga shagon ɗinki. Akwai wata baiwar Allah da ta girme ni, tare muka fara, hannunta a surfani ba na biyunta, sai shekaru uku da suka wuce aiki ya fara dawowa, layi ya karkace, ta daɗe tana neman ramin allura, in na yi magana ta ce zaren ne ba kyau. Wata rana na leƙa na ga ta miƙa yadin can nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido. Ashe ido ne kawai, wanda kowa in ya wuce arba'in yake fara samu, na kusa ya dushe. Muka je aka auna ta aka ba ta tabarau, na matsar da kekenta bakin taga, na sa mata ƙaramar fitila mai caji a kan keken saboda ɗaukewar wuta, kujerar roba na canza mata da ta katako mai jingina da matashi. Duka abin da na kashe bai kai kuɗin leshi ɗaya ba. Yanzu ba ta zama tun safe har dare, in ta yi sallar la'asar ta tafi, manyan kaya na amare ita ke yi, yara su yi haɗi da guga. Da tsohuwar zuma ake magani wallahi. Amma abin da zan ja hankalinka a kai Baban Ummi, ka kula da yadda za ka faɗa masa. Tawa sai da ta yi fushi da ni kwana uku, wai na mayar da ita tsohuwa. Manya ba sa son a ji tausayinsu a gaban yara.

Injiniya, Figil:
Abin da Hajiya ta yi da hankalinta shi manyan kamfanoni suka kashe kuɗi suka gano. A 2007 kamfanin BMW a masana'antarsa ta Dingolfing a Jamus ya haɗa layi guda na ma'aikata da matsakaicin shekarunsu 47 ne, don su ga yadda aiki zai kasance in ma'aikatansu sun manyanta. Ba wani injin zamani suka kawo ba, tambayar ma'aikatan suka yi me ke damunku, aka yi ƙananan gyare-gyare wajen 70, aka shimfiɗa daɓen katako don gwiwa ta huta, takalma masu laushi, kujerun da mutum zai ɗan zauna yana aiki, gilashin ƙara girman abu, teburin da ake ɗagawa a sauke daidai tsayin mutum, da musayar wurin aiki a cikin yini don kada gaɓa ɗaya ta yi ta shan wahala. Duka kimanin yuro 40,000, wajen sefa miliyan 26, wanda a wurinsu ba komai ba ne. Cikin shekara ɗaya aikin layin ya ƙaru da kashi 7. A Japan kuma doka ta wajabta wa kamfani ya samar wa ma'aikaci hanyar ci gaba da aiki har 65, daga 2021 aka ce su yi ƙoƙari har 70. Mu ba mu kai can ba, amma darasin ɗaya ne kuma ba ya cin kuɗi, ka tambayi mai aikin. Ni a mangazarku abin da zan fara dubawa katakon saukowar nan ne, nawa ne faɗinsa, yana lilo ko ba ya yi? Sai kuma amalanke mai taya biyu, mai walda zai haɗa muku, buhu huɗu biyar a tura maimakon a ɗora a wuya. Daga bakin mota zuwa cikin mangaza taku nawa ne?

Baban Ummi, Garwa:
Zai kai taku talatin, kuma akwai ƴar matattakala biyu a bakin ƙofa. Katakon kam guda ɗaya ne, yana lilo sosai, mun saba ne kawai.

Injiniya, Figil:
To ka gani. Buhu ɗaya na simintin da kuke sayarwa ya isa a zuba gangara a kan matattakalar nan taya ta wuce.

Ɗan Kasuwar Kuseri:
Jamus daban Garwa daban. Kuma ku sani in aka kawo amalanke aikin mutum shida zai koma na huɗu, masu dakon da kansu za su fara ƙi. Na gani da idona a nan bakin gada.

Tsohon Magaziniye, Gaundare:
Wannan kam gaskiya ne Alhaji, shi ya sa ba a yi musu abu daga sama. A zauna da su. Tunda a kan buhu ake biya ba a kan kai ba, kuɗin motar bai ragu ba, sun dai gama da wuri da sauran ƙarfinsu. Kuma Baban Ummi ka bincika, zan iya rantsuwa yaran nan sun daɗe suna rufa wa Baba asiri, suna ɗaukar nasa suna raba kuɗi daidai da shi ba su faɗa ba.

Baban Ummi, Garwa:
Jama'a na dawo, ku gafarce ni kwana huɗu shiru. Yaya Magaziniye maganarka ta tabbata, babban cikin yaran ya ce min kusan shekara biyu ke nan suna yi, in Baba ya yi sahu ɗaya su sun yi uku, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi, ranar Talatar ma shi ya matsa don ya ji wani sabon yaro ya yi gunaguni. Na kai shi asibiti Inna, jininsa ya hau sosai, an ɗora shi a kan magani an ce ya dawo bayan sati biyu. Na je wa Alhaji da littafi kamar yadda aka ce, na nuna masa asarar daminar bara da motar nan da Baba ya kama, ya yi shiru ya daɗe, ya ce a gwada wata uku zuwa faɗuwar ruwa, albashi dubu 45, in bai ga amfani ba maganarsa ta farko tana nan. Na so ya kai 60 bai yarda ba. Maganar sauke kaya da safe ya amince, gangarar ma an zuba jiya, amalanke ya ce tukuna. Rajista kuwa ko sauraro bai yi ba, ya ce kar in ƙara tayar masa da ita.
Wurin Baba ne na fi shan wuya, Hajiya kin yi gaskiya. Da na ce masa ya daina ɗauka sai ya ce shi ba almajiri ba ne, in an gaji da shi a faɗa masa kawai. Sai da na ciro makullin ƙofar baya na sa masa a hannu a gaban yaran, na ce daga yau ba buhun da zai shiga ko ya fita sai da saninka, in lissafi ya ɓace kai za a tambaya. Ya juya makullin ya juya, ya ce to a samo masa littafi mai layi da biro ja da baƙi. Yau da safe mota ta zo, yana zaune a kan benci a bakin ƙofa da tabarau ɗin da muka saya, yana rubuta lambobinsa daga dama, ya tsayar da buhu uku ya ce a ware. Sau ɗaya na ga ya miƙe zai kama wa wani yaro, na yi gyaran murya ya koma ya zauna.

Akanta, Garwa:
Alhamdulillah. Amma dubu 45 ta yi ƙasa da mafi ƙarancin albashi, tun Maris 2023 dubu 60 ne a irin wannan aikin, 45 na ɓangaren noma ne. In wata ukun ya cika ka koma masa da wannan. Yaran kuma ka turo min babban nasu in nuna masa yadda ake rajistar sa kai, ba sai ta hannun Alhaji ba.

Matashi Mai Neman Aiki:
Baban Ummi in kuna buƙatar wanda zai riƙa kwafe littafin Baba da yamma yana sa muku a waya ko kwamfuta, ina zuwa Garwa ƙarshen wata, ina so in gwada.

Baban Ummi, Garwa:
Ka zo ƙanena mu gani, ba alkawari na yi ba amma zan gabatar da kai. Injiniya dan Allah turo min hoton irin amalanken da awonsa, akwai mai walda a layinmu, zan tambaye shi nawa zai yi, in bai fi ƙarfina ba ni zan biya daga aljihuna kafin motar ranar Asabar.